Injin da Ke Azumin Litinin da Alhamis

Shekara talatin da huɗu Nababa ya yi a kan katako ɗaya, a ƙarshen kwalekwalen Dallatu, har katakon ya yi sulɓi ya lotsa daidai mazauninsa. Shi ne mai filafili. Dallatu yana gaba, yana zuba kalli, ragar kamun kifi, yana janyewa, yana kuma zuba surutu, don shi ko kifi ya samu sai ya ba shi labari. Taubasai ne. Uwar Nababa ƙanwar uban Dallatu ce, saboda haka a wasan taubasai Nababa ɗan mace bawan Dallatu ne, kuma Dallatu bai taɓa barin rana ta faɗi bai tuna masa ba.

Kamun kifi ba gadonsu ba ne. Manoma ne 'ya'yan manoma a ƙauyen Tsamiya Biyu. Sai da ruwan dam ɗin Watari ya hau kan fadamar kakansu suka ga in dai abincinsu a wurin nan yake, to sai dai su bi shi ta sama. Da kifewa da shan ruwa suka koya. In sun fito, sai a kasa kifi kashi uku a kan buhu: kashin jirgi, kashin kalli, kashin filafili. Biyun farko na Dallatu ne. Na ukun Nababa ya kai wa matarsa Mairo ta soya ta sayar a bakin titi, kuma da shi ake ɗora tukunya a gidan.

Ana haka sai ga shekarar da aka cire tallafin mai, shekarar da masara ta fi ƙarfin mai nomanta. Duk wanda gona ta ba wa kunya sai ya nemo ƙugiya ya nufi dam. Kifin bakin gaɓa ya ƙare, wanda ya rage ya gudu can ƙurya, inda sai an yi awa biyu ana tuƙi kafin a kai. Basiru, ɗan Dallatu da ke dakon kaya a Fatakwal, ya ji labari a waya. Yaron kirki ne. Ya matse bakin aljihunsa shekara guda, ya sayi injin jirgi, ya ba motar shanu da za ta dawo Arewa ta sauke shi a Bici, a shagon Muntaka makanike.

Tare Dallatu da Nababa suka je ɗauko shi. Abu ne ƙarami, mutum ɗaya zai iya rungumarsa in ya yi nishi, da kai kamar tukunya, da doguwar ƙafa mai farfela, da hannu guda wanda ake riƙewa a karkata jirgi, a kuma murɗa a ƙara wuta. Dallatu na ganinsa ya fita hayyacinsa. Ya tsaya a bakin titi yana kiran wanda ya sani da wanda bai sani ba su zo su ga abin da ɗansa ya aiko. Muntaka ya gaji da jiransa, sai ya juya ga Nababa.

“Baba, tunda mai abin ya tafi yaƙin neman zaɓe, kai ka saurara. Wannan ba irin ƙaramin janareto ba ne da ake haɗa wa baƙin mai da fetur. Fo-siturok ne. Baƙin mansa a cikinsa yake, kamar na mota. Kada kowa ya zuga ku ku haɗa masa.”

“Na ji.”

“Na biyu, in za a kwantar da shi, gefe ɗaya yake kwanciya.” Muntaka ya tsoma tsinke a gwangwani ya ɗiga jan fenti a kafaɗar injin. “Wannan jan ya kalli sama, kai kuma ya fi ƙafa tudu. In aka kwantar da shi ta ɗaya gefen, baƙin mai zai gangaro ya jiƙe fulogi. Ko hannunku zai cire da jan igiya ba zai tashi ba, sai an tsayar da shi an kwance an goge.”

Ya nuna masa yadda ake kwancewa da gogewa, ya ba shi sifana. Nababa ya sa ta a aljihu. A mota Dallatu ya ga jan fentin ya ce ai ɗansa ya kyauta, ya yi wa injin shaida saboda ɓarayi, Nababa kuwa bai ga dalilin gyara wa mai farin ciki zance ba.

Washegari kafinta ya zo bakin ruwa don ya kafa allon da za a ɗaure injin. Ya auna, ya sake aunawa, ya ce wannan katakon na baya ya tare wuri. Kafin Nababa ya buɗe baki an sa kan guduma an ɓamɓare shi an jefar a kan yashi. Aka ɗaura inji, aka tura jirgi ruwa, Dallatu ya ja igiya sau biyu, abu ya kama da wata 'yar murya mai laushi, ba hayaƙi ba hayaniya. Ya zagaya ya dawo hularsa a hannu, haƙoransa duka a waje.

“To bawa,” in ji shi, a gaban jama'a, “yau na 'yanta ka. Je ka huta.”

Aka yi dariya, Nababa ma ya yi. Ya ce, “Allah ya kai damo ga harawa. Na gaji da kallon ƙeyarka.” Amma da mutane suka watse ya koma neman katakonsa a kan yashi bai gan shi ba. Ya ce a ransa mata masu neman itace sun riga shi.

Ba wanda ya zauna ya ce an kori Nababa. Abin ya zo da kansa: inji yana shan fetur, fetur kuwa a shekarar nan a kwalba ake sayensa kamar turare, saboda haka kashin filafili ya zama kashin inji. Dallatu ba mugu ba ne, ya nemo masa aiki. Tunda ba a barin inji ya kwana a bakin ruwa, sai Nababa ya riƙa zuwa da jakinsa, ya kai shi da safe ya dawo da shi da la'asar, ya kwantar da shi a zauren Dallatu. Ladansa kifin miya. Mairo ta dubi kifin miyan rana ta farko, ta dubi kaskon suyarta, ta kife shi a bayan ɗaki.

Yunwar gida tana damunsa, ba ƙarya. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne tsakanin safe da la'asar. Sai ya zauna a gindin tsamiya shi da jaki, yana kallon jirgin yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Bai taɓa sanin yana son surutun Dallatu ba sai da ya rasa shi. Mutumin da ya shekara talatin yana cewa “don Allah rufe mana baki kifi su ji da abu ɗaya” yanzu ga shi yana ba jaki labari.

Ƙin tashin inji na farko kuskure ne, wannan kam ko a gaban alƙali. Ranar wata Lahadi hadari ya taso, jaki ya yi gardama, Nababa ya shiga zaure a gurguje ya sauke inji ya fita. Da safe aka kai shi bakin ruwa, Dallatu ya ja igiya, shiru. Ya ja, ya ja, ya tuɓe riga ya ja, ya yi bisimilla ya ja, ya zagi injin da wanda ya ƙera shi. Sai a lokacin Nababa ya tuna ta inda jan fentin ya kalla jiya. Ya buɗe baki zai faɗa, sai Dallatu ya share gumi ya ce, “Kalli na cikin ruwa tun jiya, tarwaɗa za ta ruɓe. Kai bawa, ina filafilinka?”

Filafili yana gindin tsamiya. Kullum da shi yake zuwa, wai don korar jaki.

A kan jarka ya zauna, tunda ba katako, amma ranar ta yi masa daɗi kamar ranar sallah. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, Dallatu bai rufe baki ba. Ashe labari ne ya taru masa na wata guda: yadda wani giwan ruwa ya yaga masa kalli, yadda ya yi magana da inji inji bai amsa ba. Da suka fito aka kasa kifi kashi uku kamar da. Mairo ta ɗauko kaskonta ta wanke. Da yamma Nababa ya jingine injin a tsamiya, ya kwance fulogi ya goge, ya ja igiya ya tofar da man da ya shiga, ya ƙara masa sabo. Injin ya yi tari da shuɗin hayaƙi ya kama. Dallatu ya ce, “Ashe bawan nan yana da amfani.”

Na biyun kuwa ba kuskure ba ne. Ranar Laraba da la'asar Nababa ya tsaya a zaure rungume da inji, ya dubi ƙofa, ya dubi jan fenti, ya ce a'uzu billahi, sannan ya kwantar da shi jan na kallon tabarma. Ya gaya wa kansa cewa kwana biyu a mako ba haɗama ba ce, kuma ma ai taimakon Dallatu yake da tsimin fetur. Mutum in yana son abu ba ya rasa fatawa.

Haka aka yi mako shida. Masunta a bakin ruwa ba su da aiki sai lura, nan da nan suka gano lissafin. Sama'ilu mai gyaran kalli ne ya fara faɗa: “Dallatu, injin nan naka fa mai ibada ne. Litinin da Alhamis azumi yake.” Daga ranar sunansa ya koma Ustazu. In an ga jaki tafe sai a ce, “Yau Ustazu zai sha mai ko yana da niyya?” Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce a haɗa masa baƙin mai a fetur kamar kowane inji mai hankali. Nababa ya hana, ya tsaya kai da fata, har ya yi suna a matsayin likitan Ustazu. Shi ke sa masa ciwo, shi ke ba shi magani, ana ta sa masa albarka.

Abin ya daina ba shi dariya ne wata Alhamis, suna tsakiyar ruwa, da wayar Dallatu ta yi ƙara. Basiru ne yake gaisuwa. Dallatu, wanda tsokanar mutane ta ishe shi, ya sauke masa kwandon faɗa.

“Gwanjo ka aiko min, an mai da ni abin dariya. In ba ka da halin na kirki ai da ka bari. Wa ya roƙe ka?”

Nababa yana jin muryar yaron siririya daga cikin wayar, yana cewa Baba ka yi haƙuri, wallahi sabo ne a kwalinsa, Baba ka yi haƙuri. Wannan yaron a kan cinyar Nababa aka yi masa askin suna. Filafilin ya yi masa nauyi a hannu. Ya yi niyya a ransa cewa daga yau an gama, Ustazu ya sha ruwa ke nan. Faɗa wa Dallatu gaskiya kuwa, ya ce sai ya sami lokacin da ya dace, irin lokacin nan da ba ya zuwa.

Bai samu ba. Basiru ya kira Muntaka ya roƙe shi, ranar Asabar da la'asar sai ga makanike a kan babur a ƙofar zauren Dallatu, daidai lokacin da ake sauke inji daga jaki. Ya buɗe, ya duba, ya shinshina fulogi, ya leƙa tabarmar da injin ke kwana a kai, ya ga tabon baƙin mai.

“Lafiyarsa ƙalau,” ya ce. “Ruwa dai ba ya tsami banza. Kwantar da shi ake yi ta gefen da bai kamata ba. Jan fentin nan sama zai kalla. Ai na gaya wa Baba Nababa tun ranar da kuka ɗauka, har sifana na ba shi.”

Rana dubu ta ɓarawo. Dallatu ya dubi jan fentin, ya ɗaga yatsu yana lissafi a hankali, leɓensa na motsi: Lahadi da yamma, Laraba da yamma. Sannan ya ɗago ya dubi Nababa. Da ya zage shi da ya fi sauƙi, don zagi abincinsu ne tun suna yara. Ya raka Muntaka bakin babur ya yi masa godiya, ya shige gida ya bar Nababa tsaye.

Nababa ya kwantar da injin daidai, jan na kallon rufi, ya ɗora sifana a gefensa, ya ja jakinsa.

Kwana uku bai leƙa bakin ruwa ba. Ya ji labari cewa Dallatu a baro yake tura injin da kansa, kuma ranar Litinin Ustazu ya tashi da ja ɗaya, har Sama'ilu ya ce an karya masa azumi. Nababa ya zauna a gida yana gyaran dangar da ba ta lalace ba. Kunya ta hana shi cin tuwo. Ya gaya wa Mairo komai, yana jiran ta yi masa faɗa, sai ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta share ido ta ce, “Tsofai biyu da furfura, an rasa mai cewa ɗan'uwansa na yi kewarka, sai an wahalar da ƙarfe. Ka je ka ba shi haƙuri.”

“Da wane ido?”

“Da wanda ka kalli jan fentin.”

Ranar Talata bayan sallar magariba suka haɗu a ƙofar masallaci, wurin neman takalmi. Dallatu bai dube shi ba. Ya ce da takalminsa, “Baro ya karya min ƙugu. A kawo jaki gobe.” Ya wuce.

Da safe Nababa ya tafi yana jan jaki yana haddace abin da zai faɗa. Ya shirya zai ce ya ci amana, zai ce shi zai kira Basiru da bakinsa, zai ce ko kifin miyan a daina ba shi ya cancanta. Ya yi sallama ya shiga zaure. Dallatu na zaune a kan buhun kalli yana shan koko. Inji na kan tabarma. Nababa ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tsaya. Jan fentin ba ya sama. An kwantar da Ustazu rub da ciki ta gefen da aka hana, har baƙin mai ya yi sabon tabo.

“Wa ya kwantar da shi haka?”

“Ina ruwanka? Injinka ne?” Dallatu ya kurɓi koko. “Azumi yake.”

“Yau fa Laraba.”

“Ramuwa yake. Ya sha na Litinin.”

Nababa ya tsuguna a wurin, duk jawabin da ya haddace ya zube. Ya ce, “Dallatu, yaron nan…”

“Na kira shi. Na ba shi haƙuri, ni uba guda, saboda kai. Na ce masa injinsa lafiya lau, bawana ne ke da ciwo.” Ya ajiye kwanon. “Kwana uku ina tafiya kamar kibiya, in kai ƙurya kafin koko ya huce. In na ga abin dariya in juya baya, sai in ga tukunyar ƙarfe. Kuma hannu ɗaya a inji, hannu ɗaya a kalli, iska na juya ni kamar fanka. Wannan aikin na mutum biyu ne, ni ne na ƙi faɗa.”

Ya miƙa hannu bayan buhu ya jawo wani abu ya jefa a gaban Nababa. Katako ne mai sulɓi, lotsattse a tsakiya, da ramukan tsofaffin ƙusoshi a gefe biyu.

Nababa ya shafa shi da tafin hannu. “Na ɗauka an hura wuta da shi.”

“Wa zai dafa abinci da abin da ka shekara talatin kana zaune a kai? A kashe mutane?” Dallatu ya zaro ƙusa huɗu daga aljihu ya zuba masa a hannu. “Ka kafa shi gaba kaɗan, inda hannunka zai kai hannun Ustazu. Daga gobe kai ne direba, kashi na uku ku raba da shi, ku kuka san yadda za ku yi. Ranar da fetur ya gagara, ga filafili.”

Idon Nababa ya kawo ruwa, ya juya yana gyara wa jaki igiyar da ba ta kwance ba. Sannan ya ce, “Ai ka ce ka 'yanta ni. A gaban jama'a.”

“Na janye,” in ji Dallatu, ya saɓa buhun kalli a kafaɗa. “Ɗauko guduma, rana na yi. Akwai labarin da na fara ba injin nan ranar Litinin, bai bari na kai ƙarshe ba.”